Zaki Biyu a Ƙofar Gidan Gado

Bayan Babbar Sallah wani gida daga cikin tsofaffin gidajen unguwar nan ya yi taron zuri'a, aka ci aka sha, aka raba wa mahalarta wani ɗan littafi na tarihin gidan. Ban samu zuwa ba, amma an aiko mini da nawa har gida, tare da saƙon cewa in duba in faɗi ra'ayina a wannan mujalla. To, wanda ya ce a faɗa masa gaskiya sai ya tanadi ruwan sanyi. Ba zan ambaci sunan gidan ba. Duk wanda ke unguwar nan ya san shi, wanda ba ya nan kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba.

Bari in fara da abin yabo, don akwai shi, kuma ba kaɗan ba ne. Babin farko, inda aka rubuta labarin kakan gidan daga bakin wata tsohuwar 'yarsa, ya fi duk sauran littafin daraja. Mutum ne da ya taso daga ƙasar Kano da jakuna, yana kawo kanwa da baƙin saƙi, yana komawa da gishirin Awe da na Keana. Lafiya zango ce gare shi, inda ake sauke kaya a huta kwana biyu. Wata shekara ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ayari ya wuce ya bar shi, mai masaukinsa ya yi jinyarsa, daga baya ya ba shi 'ya. Da zama ya yi zama, mai unguwa ya kai shi fada aka yanka masa fili. Wanda ya rubuta babin ya yi hankali, bai gyara wa tsohuwar Hausa ba, ya bar ta da "wai" ɗinta da "ka ji fa" ɗinta. Akwai kuma hoton wani shafi na littafin bashin tsohon, da ajami, inda ya rubuta wanda yake bi da wanda ke bin sa. Na daɗe ina kallon shafin nan. Yawancinmu baƙin Lafiya haka kakanninmu suka zo, kuma gidaje nawa ne suka adana ko da takarda guda?

Matsalar tana bango. An zana garkuwa, an raba ta gida huɗu da jan layi a kan fari. Zaki biyu sun miƙe da ƙafafun baya suna riƙe da ita. A samanta kwalkwalin ƙarfe irin na mayaƙan Turai, a saman kwalkwalin kuma kambi. A ƙasa wani ƙyalle ya naɗe, an rubuta sunan kakan da kalmar Turanci mai nufin daula. Wannan tambarin ne kuma aka ƙera da ƙarfe aka manna a sabon get ɗin gidan, kowa ya gani.

Na tambayi yaron da ya yi aikin a shagon buga kati, ina ya samo? Ya yi dariya, ya buɗe mini kwamfuta. Irinsu sun fi a ƙirga, a intanet ake saukowa da su kyauta, sai dai a canza suna. Ya ce wannan mai zaki biyun ya fi kasuwa, ya yi wa wani otal, ya yi wa wata ƙungiyar ƙwallon yara. Ban ga laifin yaro ba, abin da aka biya shi ya yi. Amma tunda kayan na Ingila ne, ya kamata mu san abin da suke nufi a wurin masu su kafin mu rataya a ƙofa.

Asalin abin na yaƙi ne da wasan dawaki. Tun wajen ƙarni na 12, barde a Turai idan ya sa sulke da kwalkwali ya rufe fuska, ba mai gane shi sai da zanen da ke kan garkuwarsa. Masu tsare wannan ilimi kuwa, in ka duba aikinsu na farko, sanƙirori ne kawai: su ke shelar sunan barde da na ubansa idan ya shigo fili. A hankali sanƙirorin nan suka zama hukuma. A 1484 Sarki Richard na Uku ya ba su takardar izini, kuma hukumar, wadda ake kira College of Arms, tana nan a Landan har gobe tana aiki. Daga 1530 zuwa 1688 sukan fita rangadi lardi-lardi, su tara masu gandaye, kowa ya kawo hujjar tambarinsa. Wanda ya kasa, a yi shelarsa a kasuwa cewa ba ɗan asali ba ne. Har kotu gare su. Zamanta na ƙarshe a 1954 ne, lokacin da hukumar birnin Manchester ta kai ƙarar wani gidan wasa da ya sa tambarin birnin a labulensa, kuma ta yi nasara.

A dokarsu tambari na mutum guda ne, ba na duk mai sunan gidan ba. Uba ne ke da shi, idan ya mutu ya koma ga babban ɗa. Sauran 'ya'ya maza, a ƙa'ida, sai sun ƙara wata 'yar alama da ke nuna matsayinsu: na biyu jinjirin wata, na uku tauraro, na huɗu wani ɗan tsuntsu marar ƙafa. Su da kansu sukan fassara tsuntsun da cewa ƙane ba shi da ƙasar da zai sauka a kai. Dabbobin da ke riƙe da garkuwa kuwa ba kowa ake ba su ba, sai manyan masu sarauta da wasu hukumomi. Mai gandu na karkara, komai faɗin gonarsa, bai isa ya sa zaki ya riƙe masa garkuwa ba. Kambi mai rufaffen sama irin na bangon littafinmu na sarkin ƙasa ne. Shi kuwa jan layin nan da ya gitta a kan fari, wanda masu littafin suka ɗauka ado ne, gicciye ne na waliyyin Ingila, shi ne ma tutarsu. Ba aibu ba ne ga masu shi, maƙwabtanmu Kirista sun san darajarsa. Amma na tabbata ba shi alhazan gidan suka yi niyyar sawa a ƙofa ba. Idan Baturen da ya san abin ya karanta get ɗin nan, zai fahimci cewa sarki ne Kirista ke zaune a ciki. Jikokin mai jakuna!

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za a yi a wuce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana shafin tsakiya, inda aka zana bishiyar zuri'a.

Kafin in je can, sai an fahimci abin da tambarin Ingila ke gadi. Yana gadin gandu ne. Tsarin masu ƙasa na Ingila ya tsayu a kan cewa gida da gonaki ba a raba su, babban ɗa ke kwashe duka. Har sukan ɗaure dukiyar da takardar lauya yadda shi kansa magajin ba zai iya sayarwa ba, sai dai ya ci amfani ya miƙa wa babban ɗansa. Ƙanne maza su nemi aikin soja, ko na coci, ko su bi jirgi zuwa ƙasashen da aka mallaka, ba mamaki wasu daga cikin Turawan mulkin da kakanninmu suka riƙa ce wa "Zaki!" irin waɗannan ƙannen ne da gida ya yi wa kaɗan. Mata kuwa a ba su ɗan abin aure. Idan mutum bai haifi namiji ba, sau da yawa gandun ya tsallake 'ya'yansa mata ya faɗa hannun wani ɗan'uwa na nesa. Duk wanda ya karanta littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, ya ga wannan tashin hankali: uwa da 'ya'ya mata biyar suna zaune a gidan da suka san ranar da uban ya mutu za a iya cewa su fita. Wani lokaci kuma mai gandu yakan yi wasiyya cewa wanda zai gaje shi sai ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki nasa suna da tambari. Ɗan'uwan ita Jane Austen ɗin haka ya yi a 1812, ya koma Knight. Da wannan tsari, a ƙididdigar da aka yi a shekarun 1870, mutum wajen 7,000 ne ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya. Sai a 1925 majalisarsu ta soke dokar da ke ba babban ɗa ƙasa idan uba ya mutu ba wasiyya.

Yanzu mu dawo shafin tsakiya. Kakan yana saiwa. Ɗansa, marigayi mai gidan da muka sani, shi ne gangar bishiya. Daga nan reshe guda mai kauri ya miƙe sama ɗauke da sunan babban ɗa da 'ya'yansa maza. Ƙannensa uku an ba su ƙananan rassa a gefe. 'Ya'ya mata shida da marigayin ya bari, ko ɗaya babu. Matansa biyu, babu. Ita kanta tsohuwar da ta ba da labarin babin farko, wadda ba don ita ba da littafin ba shi da abin karantawa, an gode mata a gabatarwa amma ba ta da ganye a bishiyar ubanta. Na ƙirga sau biyu don kada in yi wa mutane ƙazafi.

Za a ce ai al'ada ce, nasaba ta wajen uba ake bi. Haka ne, amma 'ya mace ai 'yar ubanta ce, sunansa take amsawa har ta mutu. Kuma kowa a unguwar nan ya san marigayin ya fi shekara goma da rasuwa ba a raba gadonsa ba. Gidan na nan, shagunan da aka fitar ta bakin titi suna kawo haya, kuma hannu ɗaya ke karɓa. A irin wannan hali, littafin da ya zana gida a matsayin daula mai magaji guda, ya goge mata, sannan aka ƙera hotonsa a ƙofa, ya wuce ado. Ya zama hujja da ake ginawa a hankali, ko da masu ginin ba su ce haka suke nufi ba. Yaran da ke tasowa yanzu da wannan bishiya za su girma, ita za su ɗauka gaskiya.

Mu yi lissafi, tunda ba boyayye ba ne, kowane ɗalibin Islamiyya da ya kai babin gado zai iya. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu, mata shida. Bayan an biya bashi da wasiyya, a kasa dukiyar kashi 16. Matan aure su raba tumuni, wato kashi 2. Saura 14. Kowane namiji 2, kowace mace 1. Maza huɗu sun tashi da 8, 'ya'ya mata da 6. Babban ɗa, da rawaninsa da komai, kashi 2 ne nasa cikin 16, daidai da autan maza. Idan ka haɗa rabon iyaye mata da na 'ya'ya mata, 8 ne cif. Rabin gidan da zakuna ke gadi na mutanen da ba su cikin bishiya ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ko gidan sarauta na gaske a ƙasar nan ba ya bin tsarin Ingila. Ga fada nan kusa da mu. Tun da Muhammadu Dunama ya kafa Lafiyar Barebari fiye da shekara 200 da suka wuce, sarauta a zuri'arsa take, amma ba a ce dole sai babban ɗan wanda ya rasu ba. Akwai gidajen sarauta, akwai masu zaɓen sarki, su duba 'ya'yan sarki su fitar da wanda ya dace. Mun gani da idonmu. Marigayi Sarki Isa Mustafa Agwai ya hau a 1974, ya rasu a Janairun 2019, a watan Maris kuma aka naɗa Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya baro Kotun Ƙoli ya zama sarki na 17. Sannan malamai sun bambanta kayan sarauta da dukiyar mutum. Tambura da kakaki da sandar girma na gadon sarauta ne, wanda ya hau shi ke riƙe da su amana. Abin da sarki ya mallaka na kansa kuwa, gado ne kamar na kowa. To in fada ta san wannan bambanci, ina dalilin da gidan fatake zai mai da shaguna da ɗakunan haya kayan sarauta?

Kuma wai ma, mun rasa alamun asali ne da sai mun aro? Kakanninmu a fuska suke ɗauke da nasu. Kafin mutum ya buɗe baki an san Bagobiri ne ko Bakabe ko Babarbare, an san wanda zai ja shi da wasa a kasuwa. Bafillace na ganin tsagar Barebari ya san ya samu abokin tsokana. Ba ina cewa a koma wa aska ba, zamaninta ya wuce, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana. Amma akwai sauran. Akwai kirari, akwai take da makaɗi ke kaɗawa mutum ya ji tsigar jikinsa ta tashi tun daga nesa. Akwai hatimin da sarakuna da alƙalai ke bugawa a wasiƙa. Akwai dagi da magina ke zanawa a fuskar soro. Manyan masarautu kowace da abinta, tagwayen masu a Kano, takobin nan Gajere a Katsina. Kuma duk waɗannan suna da abin da tambarin intanet ba shi da shi, wato shaidu. Maroƙi ba zai yi maka kirarin gidan da ba naka ba a gaban dattawan da suka san kakanka, za a yi masa dariya. A babin farko tsohuwar ta faɗi laƙabin da abokan fatauci ke kiran ubanta da shi, ta kuma ce yana da wata shaida da yake yi wa buhunan gishirinsa da shuni don kada su cakuɗe da na wasu a zango. Ga tambarin gida nan an ba su a hannu, kyauta, da tarihinsa. Ba wanda ya tambaye ta yaya shaidar take. Da an sa jaki da mangala da wannan shaida a bango, wallahi da na sa littafin a gaban gilashin ɗakina. Ai tambarin Nijeriya ma, duk da a tsarin Turawa aka zana shi a 1960, ya fi wannan gaskiya: farin layin da ya rabu biyu a kan baƙar garkuwa Kwara ce da Binuwai, kogin da ke kudu da mu.

Sai dai in yi wa babban ɗan adalci, don na san abin da zai ce, kuma ba shirme ba ne. Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha a 1996 fili ya yi tsada. Mun ga gidajen gado da aka raba, kafin shekara ta zagayo kowa ya sayar da nasa, aka rushe zaure aka yi shaguna, zuri'a ta watse, wasu Bukan Sidi, wasu Shabu, wasu Abuja. Yau in baƙo ya zo daga Kano yana neman gidan wane, sai a nuna masa wurin sayar da taya. Ga baƙo irinmu, wanda kakansa ba a nan aka binne cibiyarsa ba, gidan gado shi ne shaidar cewa mun daɗe. Tsoron rasa shi tsoro ne na gaske, ni ma ina da shi. Abin da masu gandayen Ingila suka ji tsoro ke nan, suka zaɓi su sadaukar da ƙanne da mata don gida ya tsaya.

To gidan ya tsaya? Akwai wani gida a Ingila da ake kira Stowe. Masu shi sun yi ta auren magada mata suna haɗa tambura, har suka zana guda 719 a garkuwa ɗaya a rufin ɗakin karatunsu, sunan gidan kansa ya zama sunaye biyar a jere. A 1847 magajin ya karye da bashin da ya haura fam miliyan ɗaya. A 1848 aka yi kwana 40 ana gwanjon kayan gidan. Tun 1923 makaranta ce. Shi ma Gwamna Lugga, da aka ba shi sarautar Lord a 1928, ya mutu a 1945 ba ɗa, sarautar ta bi shi.

Mu kuwa muna da hanyoyin tsare gida ba tare da an danne kowa ba, kuma ba sababbi ba ne. A kira masu ƙima su yi wa gida kuɗi, kowa ya san rabonsa a rubuce gaban alƙali ko malamin da aka yarda da shi. Wanda ke son riƙe ginin ya sayi rabon mai son fita, ko da biya kaɗan-kaɗan ne. In ba a son a taɓa ginin, a bar shi tarayya, hayar shaguna a riƙa kasa ta 16 duk wata ko duk shekara. In kuma magada sun yarda, bayan kowa ya mallaki nasa, su yi waƙafin zaure da ɗakin kaka don saukar baƙi da taron zuri'a, yadda ba mai iya sayarwa. Sharaɗin dai shi ne yardar ta fito daga bakin kowa, har da wadda ke aure a Doma da wadda ke zawarci a ɗakin baya. Shirun mace a gaban yayanta kunya ce, kowa ya san haka, kada a rubuta shi a matsayin yafewa.

An ce za a sake buga littafin kafin taron baɗi saboda kurakuran rubutu, kuma akwai su, an rubuta "baki" inda ake nufin "baƙi" har sau uku. Tunda za a koma wurin mai bugawa, roƙona ga kwamitin uku ne, ko in ce biyu da rabi. A sake zana bishiya da sunayen mata takwas ɗin nan da 'ya'yansu, da ita gwaggon da 'yan'uwanta mata. A je wurinta da takarda da biro tun tana iya riƙewa ta zana shaidar buhun gishirin. Rabin kuwa shi ne get: ƙarfe ne, an riga an kashe kuɗi, ban ce a cire yau ba. Na dai tambayi mai walda na bakin kasuwa, ya ce ƙusa huɗu ce ke riƙe da zakunan.